Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zan Samu Likitan Yara?

Wata mai sauraronmu daga Kano ta tambaya ina za ta samu likitan yara, tana da jariri da kuma 'ya budurwa.

To Malama, fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, can ake rigakafi da awon nauyi, kuma su za su ba ki takardar turawa gaba. A cikin birni akwai Asibitin Yara na Hasiya Bayero, da na Khalifa Isyaku Rabi'u a titin Gidan Zoo, sai sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan asibitin kuɗi za ki, ki tambaya kai tsaye ko likitan ƙwararre ne a fannin yara, kuma yana da rajistar hukumar kula da likitoci ta MDCN. Mai kemis ba likita ba ne, komai daɗewarsa a sana'ar.

Ita budurwar, ki tambayi shekarun da sashen yara ke karɓa, domin asibitoci sun bambanta. Ki bar ta ta yi wa likita bayani da bakinta, musamman kan al'ada ko ciwon sikila.

Amma jariri in yana jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko ya ƙi kama nono, ki garzaya sashen gaggawa mafi kusa ko da tsakar dare ne.