Faɗuwar Gaba Ba Hauka Ba Ce

Saura kwana uku mu fara jarrabawar zangon farko na ND II, na farka ƙarfe biyu na dare zuciyata na dukan uku-uku, numfashina na sarƙewa. Wallahi na ɗauka tafiyar ce ta zo. Da safe aka auna jinina, ba maleriya, ba taifot. Bayan sati abin ya dawo ana tsakiyar lacca. Daga nan na koma zama bakin ƙofa, ƙarshe ma na fara gudun aji. A zuwana asibiti na uku ne wata nas ta ce, "Ƙanena, wannan likitan ƙwaƙwalwa za ka gani." Raina ya ɓaci, don a tunanina mahaukaci ta kira ni. Ashe gata ta yi mini.

Fargaba kowa na yin ta, musamman ranar kare furojet. Tana zama ciwo ne idan ta ƙi tafiya, ta hana ka barci, karatu da shiga mutane. Akwai wadda ke bin mutum kusan kullum har wata shida ko fiye, akwai mai zuwa farat ɗaya ta kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna, irin tawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Likita ya fara da gwajin jini, don ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo kan kawo irin waɗannan alamomi. Sannan ya yi mini tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7, kan yadda na ji a sati biyun da suka wuce. Makin daga 0 zuwa 21 ne, wanda ya kai 10 yana buƙatar a duba shi sosai.

Magani iri biyu ne. Na farko zaman tattaunawa da ƙwararre, wato CBT. Ba CBT ɗin JAMB ba fa! A nan ana koya maka kama tunanin da ke tayar maka da hankali ka bincike shi, sannan ka tunkari abin da kake gudu kaɗan-kaɗan. Gudun ajin da nake yi shi ke ciyar da tsoron, don duk ranar da na gudu sai ƙwaƙwalwata ta ƙara yarda cewa aji haɗari ne. Na biyu ƙwayoyi irin su sertraline, waɗanda kan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ji daɗinsu, kuma ba a daina su kwatsam sai da shawarar likita. Don Allah kar ka je kemis ka sayi diazepam da kanka. Zai kwantar maka da hankali yau, gobe jikinka ya saba ya ƙi rabuwa da shi. Nescafe da lemon ƙarin kuzari da muke ɗurawa lokacin karatun dare su ma ƙara rura wutar suke.

Abin da ƙwaya ba ta ba ni ba, zama da 'yan uwa ya ba ni. Jami'ar ofishin ba da shawara ta haɗa mu mu shida, muna zama awa ɗaya duk sati. Ranar farko ban ce uffan ba, har wata ɗaliba ta kwatanta yadda take ɓuya a banɗaki kafin gabatar da aiki. Sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ƙa'idojinmu uku: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, ba a tilasta wa kowa magana, ba mai rubuta wa wani magani. Rukuni ba ya maye gurbin likita. Duk wanda ya fara tunanin cutar da kansa, ranar za a raka shi asibiti.

Ina za ka fara? Kilinik ɗin makaranta ko ofishin ba da shawara. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana a nuna wa mai irin wannan lalura wariya.

A gida za a iya ce maka iska ce ko ƙarancin tawakkali. Ni ban bar addu'a ba, ban kuma bar ganin likita ba. Har yanzu gabana kan faɗi, amma sai in ja numfashi in ƙirga huɗu, in sake shi a hankali in ƙirga shida, in ci gaba da zamana. Wannan zangon a layin gaba nake zama.