Ga Rana, Ina Wuta?

Bana da aka raba ma kowane aji abin da zai rubuta cikin wanga littafi namu na ƙarshen shekara, mu ƴan ajin ƙarshe mun zaɓi maganar wutar lantarki, wadda muka fi kira kuran. Duk wanda ya zauna karatun dare a nan tsakanin magariba da lisha ya san dalili: ana tsakiyar bita sai ɗif, kowa ya shiga laluben tocila. Wata rana wani ƙanenmu na ƙaramin aji ya ce, "Malam, ranar nan da ke gasa mu tun safe, mi ya hana a ɗebo wuta daga gare ta?" Aka yi dariya, amma malaminmu na kimiyya bai yi ba. Ya ce mu je mu nemo amsa, tun da ga shi kwamitin iyaye na shawarar tara kuɗi a saka ma makaranta sola, kuma kuɗin gumi ne, bai kamata a kashe su a makance ba.

Da farko, daga ina wutarmu ke zuwa? Shekara da shekaru, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya aka riƙa sayo ta. Layi guda ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani kuma daga Katsina ya biyo ta Gazawa, shi ke ba Maraɗi da Damagaram. A farkon Agustan 2023 aka katse wutar saboda takunkumi, ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. Masu sayar da ƙanƙara, teloli, masu walda da masu injin niƙa ba sai mun ba su labarin watannin nan ba. Ƙasa na da tashoshin hasken rana nata: ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023. Madatsar Kandaji da ake sa ran za ta ba da megawat 130 har yanzu ba a kammala ta ba. To amma tashar hasken rana, komin girmanta, da faɗuwar rana take tashi aiki, daidai lokacin da mu muke buɗe littafi.

Bari mu ɗauki farantin sola shi kansa. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, hasken da ke sauka kan fili mai mita guda tsawo, mita guda faɗi, ya kai kimanin wat 1000. Farantan da ake sayarwa a kasuwa yanzu suna maida kashi 20 zuwa 23 ne kawai na hasken ya zama wuta. Sauran, mafi yawansa zafi yake zama. An yi su da wani sinadari mai suna silikon, wanda ake tacewa daga dutsen da ke zama rairayi, kuma masana sun lissafa cewa silikon shi kaɗai ba zai wuce wajen kashi 29 ba, ko an yi yaya. Shi ya sa masu bincike suka koma ɗora wani siririn shafe a bisansa, ana ce mai ferobskait. Na sama ya kama wani ɓangare na haske, abin da ya wuce shi na ƙasa ya tare, kamar a jera rariya biyu. A watan Nuwamban 2023 kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya sanar da ya kai kashi 33.9 a ɗakin gwaji, kuma a 2024 kamfanin Oxford PV ya fara sayar da irin waɗannan faranta. Wanga labari shi aka fi yayatawa, amma a ganinmu ba shi ne ya fi shafarmu yanzu ba. Shafen nan zafi da danshi na lalata shi da wuri, kuma abin da ake ta bincike a kai ke nan. Farantin silikon mai kyau ana ba shi lamunin shekara 25. Wanda ke tsoron zafi kuwa, mu a nan sai mu ce ya dakata tukuna.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, shi ma na silikon ɗin ba ya son zafi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ranar bazara ita ce abincinsa. Ashe haske yake ci, zafi rage mai ƙarfi yake yi. Lambar da kuke gani a rubuce bayan faranti, misali wat 300, an auna ta ne lokacin da jikinsa ke kan digiri 25. Duk digiri guda da ya hau bisa haka, yana asarar wajen kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Faranti cikin rana kuwa yakan ɗara iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 20 zuwa 30. Ku zo mu yi lissafi tare. A watan Afrilu iska ta kai 42, jikin faranti ya kai 65. Tsakanin 65 da 25 akwai 40. In muka ninka 40 da 0.4 mun samu kashi 16. Kashi 16 na 300 shi ne 48. Ke nan mai wat 300 ya koma 252 tun kafin a yi maganar ƙura. Saboda haka ne masu aikin ke cewa kada a manna faranti jikin kwano, a ɗaga shi a bar tazara iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. A kuma karkata shi ya dubi kudu da digiri 10 zuwa 15, don mu arewa muke da tsakiyar duniya kaɗan, kuma karkatar na taimaka ma ruwan sama ya wanke shi.

Sai ƙura, wadda ita ce tamu ta gado. Mun roƙi wani maƙwabcin makaranta mai cajin waya ya bari mu gwada da farantinsa cikin hunturu. Mun karanta awon mitarsa, muka goge rabin yatsa na jar ƙura da tsumma mai laushi, muka sake karantawa. Lambar ta hau nan take, har shi mai shagon ya riƙe baki. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. Ƙananan murabba'an da ke cikin faranti a jere aka haɗa su, wutar wannan ta bi ta cikin na gaba. In kashin tsuntsu ko ganyen dogon yaro ya rufe guda, ya zama kamar an taka tiyon ruwa, duk layin sai ya rage, shi kuma wurin da aka rufe ya riƙa ɗaukar zafi har ya iya ƙonewa.

Wankin faranti guda ba wuya. Amma ku tuna Gorou Banda na da faranti fiye da 55,000, a ƙasar da ruwa ke da tsada. A watan Maris na 2022 masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka, Kripa Varanasi da Sreedath Panat, suka fitar da wata dabara ta share ƙura ba ruwa, ba goga. Kun san yadda in aka goga biro a gashi yake ɗaukar guntayen takarda? Irin ƙarfin nan suka yi amfani da shi. Ana ratsa wani ƙarfe mai wuta bisa faranti ba tare da ya taɓa shi ba, ƙurar ta ɗauki caji, fuskar farantin ta ture ta, sai ta yi tsalle ta bar gilashin. Sun ce ƙura na iya rage wutar faranti da kashi 30 cikin wata guda in ba a share ba. Sai dai da muka karanta da kyau mun ga wani sharaɗi: dabarar na bukatar danshin iska ya kai kashi 30. Iskar hunturu da ke fasa mana leɓe da kaushin ƙafa, da rana sau da yawa ba ta kai haka. Wato lokacin da ƙura ta fi yawa a nan shi ne lokacin da na'urar za ta fi shan wuya, sai ko da asuba. Wanga gyara muna ganin sai wanda ya san hunturu zai yi shi, kuma ba abin da ya hana ya fito daga jami'o'in Yamai, Maraɗi ko Damagaram.

Yanzu ga ainihin amsar tambayar ƙanenmu. Ɗebo wutar ba shi ne mai wuya ba, ajiye ta zuwa dare shi ne aiki, kuma nan kuɗi suka fi tafiya. Batirin darma mai ruwa da muka saba gani yana da sharuɗɗa biyu. Ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 bisa 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Shi ya sa kuke jin mutum ya sayi batir, bai cika shekara biyu ba ya mutu, ya yi ta zargin mai shago, alhali a ɗakin kwano mara taga ya aje shi. Misali: batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, in aka ninka, yana riƙe da wat-awa 1200. Rabi shi ne 600. Ƙwan fitila 10 masu wat 10, in suka yi awa 3, sun ci 300. Ƙara fanka biyu masu wat 50 na awa 3, wani 300 ke nan. Shi ke nan an kai iyaka, ba cajin waya, ba lasifika.

Bincike ya yi nisa ƙwarai ta wannan fanni. Batirin litiyom, musamman irin da ake haɗawa da ƙarfe da fosfat, ana iya amfani da kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Farashin batirin litiyom a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 tsakanin 2010 da 2024. Har yanzu ranar saye ya fi na darma tsada, amma in aka raba kuɗin bisa shekarun da zai yi, lissafin na juyawa. Shi ma dai inuwa da iska yake so. Sabon da ke tafe shi ne batirin sodiyom, wanda kamfanin CATL ya nuna nasa na farko a 2021. Sodiyom shi ne sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, ga shi ko'ina, ba kamar litiyom ba. Da muka ji haka wani cikinmu ya ce ashe azalai na Bilma batir suke ɗaukowa ba su sani ba. Wasa ne, don sai an tace shi a masana'anta. Aibinsa shi ne ya fi nauyi da girma in aka gwada da litiyom mai ƙarfi guda. Ga mota wannan matsala ce, ga batirin da zai zauna a kusurwar ofishin makaranta kuwa ba ruwanmu da nauyinsa. Bai dai iso kasuwarmu ba tukuna, kada wani ya sayar muku da gaibu.

Abin da muke roƙon kwamitin iyaye shi ne, kafin a je kasuwa a zauna a ƙirga fitila nawa, fanka nawa, awa nawa, sannan a ƙara faranti kan abin da lissafi ya ba da, saboda zafi da ƙurar da muka ambata. In kuɗi sun gaza, gara a rage fanka da a sayi batir mai araha. A nema mai ɗaki mai taga biyu. Wankin faranti kuwa mun ɗauke ma kowa: da sassafe ko da marece, da ruwa kaɗan da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana ba, don ruwan sanyi kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Mu muna fita bana, saboda haka mun rubuta jerin sunayen ƴan ajin da ke bi mana, mutum biyu kowane mako, mun miƙa ma Malam. Saura tsani, shi ma a sa shi cikin lissafi.