Gidan Makaɗi a Matsayin Makaranta: Yadda Ake Koyon Kiɗa Daga Ƙungiyar Gargajiya Zuwa Situdiyo

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyar da makaɗin Hausa yake bi kafin ya ƙware. Ta nuna cewa ƙungiyar kiɗa ita ce makarantarsa, hidima kuma ita ce kuɗin makaranta. Situdiyon zamani ya gaji wannan tsari, amma bai gaji dukkan ilimin da ke cikinsa ba.

1.0 Gabatarwa

Masana sun yi ayyuka masu yawa a kan kiɗa da waƙar baka. Ames da King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa da dama a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Sai dai akasarin nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun fi karkata ga turke da salo da zubi, wato ga waƙar da aka riga aka gama. Tambayar yadda hannu ya iya kiɗan tun farko ba ta samu kulawar da ta kamace ta ba.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, iyaye sukan kai yaro wurin malamin fiyano ko na goge, a yanka masa lokaci a kowane mako, a biya kuɗin darasi, a bi rubutaccen manhaja. Bahaushe bai tsara koyon kiɗa a wannan siga ba, amma yana da nasa tsarin mai matakai sanannu.

2.0 Gado da Haye

Hanyoyin shiga sana'ar kiɗa biyu ne. Ta farko ita ce gado. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi yana bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda wajen kiɗa tun yana ƙarami. Bayan rasuwar mahaifin, ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna, kafin ya tsaya da ƙafafunsa. Ta biyu ita ce haye. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji waƙa ba, har ma mahaifinsa bai so ya yi ta ba. Duk da haka, da waƙarsa ta kankama, sai da ya jingina da makaɗan kalangu waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa. Ana iya haye wa waƙa da baiwa, amma kiɗa sai da tsawon zama kusa da wanda ya iya.

3.0 Matakan Koyo a Ƙungiya

3.1 Ɗaukar kaya. Yaro yakan fara da barantaka: ɗaukar ganguna, shanya su a rana don fata ta ɗaure, tsince kuɗin da aka liƙa. A nan kunnensa yake sabawa da kiɗa kafin hannunsa ya taɓa shi.

3.2 Amshi da ƙaramin kiɗa. Daga nan sai a sa shi cikin 'yan amshi, ko a ba shi ƙaramin abin kiɗa irin kuntuku ko kanzagi, wanda aikinsa riƙe kari ɗaya ba sauyawa. Wanda ya kasa riƙe wannan ba a ba shi babba.

3.3 Babban kiɗa. A kalangu, matse tsarkiya a hammata yana ɗaga amo, sassautawa kuma yana saukar da shi. Da haka ne kalangu yake bin karin sama da karin ƙasa da faɗau na harshen Hausa, har ya faɗi take ko kirari mai ji ya gane. Ɗalibi a wannan mataki harshe yake koya tare da kiɗa, haɗe da sanin asalin gidaje da taken kowace sarauta da sana'a.

3.4 Haɗa kaya da gyaransu. Makaɗin kotso ko taushi dole ya san yadda ake ɗora nake a tsakiyar fata. Mai goge ko kukuma dole ya san zaɓen ƙoƙo da fatar guza da izgar doki da ƙaron da ake goga mata.

Babu kuɗin darasi a wannan tsari. Maigida yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana ba da kaso gwargwadon matsayi idan an dawo daga wasa. Jarrabawa kuwa a gaban jama'a ake yin ta, ranar da jagora ya matsa gefe ya ce wa yaro ya ja.

4.0 Inda Ake Yin Darasi

Wannan makaranta ba ta da aji, taron da ake gayyatar ƙungiya shi ne ajinta. A yankin manoma irin kudancin Jihar Kano, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, irin waɗannan taruka su ne gayyar noma da bukukuwan aure da suna bayan kaka, da wasannin dambe da kokawa, da hawan salla a ƙofar hakimi. Idan manomi ya koma ga 'yan ƙodago da maganin feshi, gangar noma ta rasa filinta. Idan mai biki ya ɗauko mai sa waƙoƙi a lasifika, ɗan kuntuku ya rasa inda zai gwada hannunsa. Saboda haka raguwar taro rufewar aji ce.

5.0 Situdiyo a Matsayin Sabon Gida

Tun daga shekarun 1990, bunƙasar finafinan Hausa a Kano ta haifar da ɗakunan haɗa kiɗa masu amfani da fiyanon Yamaha, daga baya kuma kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio da Cubase. Matashin da ya baro Kiru ko Doguwa ya nufi situdiyo a titin Gidan Zu, tsarin da zai tarar bai yi nisa da na gidan makaɗi ba. Zai fara da shara da aike, ya zauna bayan maigida yana kallon yatsunsa, a riƙa sa shi amshi, sannan a bar masa fiyano idan babu aiki. Kuɗi daga mawaƙin da ya zo buga waƙa suke shigowa, yaro kuma yana samun na kashewa.

Bambancin yana wurare uku. Na farko, fiyano yana ɗauke da muryoyin kayan kiɗa da yawa, don haka mutum ɗaya ya wadatar inda da ake buƙatar ƙungiya, matakin ɗan kanzagi ya faɗi. Na biyu, amon kalangun da aka adana a na'ura ba ya bin karin magana yadda matsi da sassauci suke yi a hannun gwani, don haka ilimin take da kirari ba ya bin ɗalibi. Na uku, kuskure a situdiyo ana goge shi a sake, alhali a fage a gaban jama'a ake gyara shi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa barantaka ta tsallako daga gidan makaɗi zuwa situdiyo, amma haɗa kayan kiɗa da sarrafa karin harshe a kan fata ba su tsallako ba. Ana iya adana waƙoƙin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a faifai, amma faifai ba zai nuna wa yaro yadda ake riƙe kuntigi ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su tura ɗalibai su naɗi yadda ake koyarwa a gidajen makaɗan da suka rage, da sunayen matakai da kalmomin gyara da yadda ake rabon kaso, su kuma gayyato makaɗan su koyar da hannu, a biya su ladan malanta.