Yadda Ake Yin Allon Dara a Gida

Jama'a, darasinmu na yau na awo ne da ƙidaya, amma da wasa za mu koye shi. Ko wane ɗayanku ya san dara. A ƙauye ba ta da wuya: a sami inuwa, a share ƙasa, a haƙa gurabu da yatsa, shi ke nan wasa ya kankama. Amma darar ƙasa tana da cikas. Ruwa ya zo ya shafe ta, akuya ta bi ta kai, kuma ta waje ce, mata da yara ba su samun rabonsu. Wanda ya yi allo na katako kuwa, ya shigo da dara tsakar gida.

Ni a Kakuri nake zaune, kudu da kogin Kaduna. Unguwa ce ta ma'aikata. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a nan, mutane suka taho daga ko'ina neman aiki, suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa. Masaƙar ta daɗe a rufe, amma gidajen haya suna nan, ɗaki bayan ɗaki, tsakar gida duk siminti. Ba inda za ka haƙa gurbi. Yaro in ya rasa abin yi a gida sai ya fita, wani ya nufi bakin titi, wani ya nufi kogi, kogin Kaduna kuwa ba abokin wasa ba ne da damina. Abin da ya sa na fara yin allo ke nan.

Ga kayan da za ka nema. Katako guda, mai tsawon inci 20, faɗi inci 12, kauri inci 2. Kafintoci har yanzu da inci suke awo. Inci ɗaya ya yi kamar santimita biyu da rabi, inci 12 kuwa shi ne ƙafa ɗaya. Ba sai ka sayi dogon katako ba. Je wurin kafinta ka tambayi guntu, da wuya a rasa. Maɗaci ya fi kyau. Malaina ma tana yi, ta fi taushin sassaƙa, sai dai ba ta kai shi ƙarko ba. Kirya tana da ƙarfi ƙwarai, amma za ta gajiyar da hannunka kafin ka gama gurbi goma. Ko wanne ka samu, lalle ya zama busasshe. Ɗanyen katako yakan yi kyau a ido, amma da hunturu ya shigo sai ya tsage, aikinka ya tafi a banza. Ɗaga shi ka ji: ɗanye ya fi nauyi, kuma yana da sanyi a hannu.

Bayan katako, sai rula da fensir, da zarto in akwai yanka, da kurfi da guduma, da takardar gugar katako. Wanda ba shi da kurfi ya yi zanen da kansa, sa'an nan ya kai wa masassaƙi ya fafe masa. Amma zanen fa kada ka ba kowa. A nan darasin yake.

Aza katakon a gabanka, tsawonsa daga hagu zuwa dama. Auna inci 4 daga gefen hagu, ka ja layi daga sama zuwa ƙasa. Auna inci 4 daga gefen dama, ka ja wani. Nawa ya rage a tsakiya? Cire 8 daga 20, saura 12. Yanzu auna inci 1 daga sama, da inci 1 daga ƙasa, ka ja layi biyu a kwance. Cire 2 daga 12, saura 10. To, ka sami fili mai tsawon inci 12 da faɗin inci 10. A cikinsa gurabu za su zauna.

Raba tsawon nan inci biyu-biyu, ka sami gida 6. Raba faɗin inci biyu-biyu, ka sami gida 5. Shida sau biyar, talatin. Dara gurbi 30 gare ta.

A nan sai ku natsu, don a nan ni na fāɗi. Da na yi allona na fari, na ce a raina, gida shida, layi shida. Na ja layi shida a tsaye, na ja shida a kwance, na hau fafewa ba tare da na ƙidaya ba. Kwana biyu ina aiki. Da na gama na ɗauka na kai wa wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin masaƙa, gwanin dara. Ya bi gurabun da yatsa, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kai da kake koya wa mutane lissafi, ashirin da biyar ka kawo mini? In mun zuba 'ya'ya ashirin da huɗu, ina za mu motsa?" Na ce, "Baba, na ji, a rufa mini asiri." Bai rufa ba. Har yau in na wuce majalisarsu sai wani ya tambaye ni labarin gurbi biyar da suka ɓata.

Ga inda kuskuren yake. Layi kullum ya fi gida da ɗaya. Dubi hannunka: yatsu biyar, amma tsakaninsu huɗu ne. Saboda haka in kana son gida 6, sai layi 7 a tsaye. In kana son gida 5, sai layi 6 a kwance. Layukan gefe da ka fara ja suna cikin lissafin. Ƙidaya gidajen da baki, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka taɓa kurfi. Fensir ana goge shi, rami ba a mai da shi.

Yanzu sai neman tsakiyar ko wane gida. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ka sake ja daga ɗaya kusurwar. Inda suka gicciye nan ne tsakiya. Kifa marfin kwalbar lemo a kai, ka zagaye shi da fensir. Duk gurabun za su fito daidai wa daida, kuma katanga za ta rage tsakanin gurbi da gurbi. Kada ka yi kwaɗayin babban rami. In katangar ta yi siriri, karyewa za ta yi.

Fafe ko wane gurbi zurfin rabin inci. Yi a hankali, kaɗan-kaɗan, bakin kurfi yana duban gaba, ba wajen cikinka ko hannunka ba. Kori yara daga wurin sai ka gama. Filin inci huɗu da ka bari a hagu da dama, fafe dogon kwari a ko wanne. Nan ko wane ɗan wasa zai riƙa ajiye abin da ya ci. Sa'an nan ka goge allon har ya yi santsi, don kada sartse ya shiga hannu. Shafa masa man kaɗanya ko man gyaɗa, ka bar shi a inuwa ya sha. Kada ka ajiye shi a ƙasa, gara tana nan. Buga masa ƙusa da madauki ka rataye a bango.

'Ya'yan dara ba a saye. Mutum ɗaya ya ɗauki ƙwallon dabino 12, ɗayan ya ɗauki tsakuwa 12 ko 'ya'yan tsamiya. Abin da ake so kawai a bambanta naka da nasa. Uwargida ta ɗinka musu 'yar jaka da ƙyallen atamfa. Wannan ba don ado ba ne. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa, wanda ya ɗan tasa kuma yakan cusa ɗan tsamiya a hanci. In an tashi wasa a ƙidaya, a ga 24 sun cika, a ƙulle jaka, a rataye tare da allo.

Dokokin wasa kun san su, amma bari mu rubuta don masu koyo. Da fari ana zubawa bi da bi, kai ɗaya ni ɗaya, har 'ya'ya su ƙare. Lokacin zubi ba a jera uku. In an gama, gurbi 6 ne ke zama wofi. Daga nan sai tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba ya karkata, ba ya tsallake wani. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya ɗauke ɗaya daga na abokin wasansa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi, gama ba ya iya jera uku. Akwai ƙananan dokoki da suka sha bamban daga gari zuwa gari, misali ko ana ɗaukar ɗa daga cikin ukun da mutum ya riga ya jera. Ku daidaita a kan wannan tun kafin zubi, ba sai rigima ta taso ba.

Dabara ɗaya zan ba ku, wadda dattijon nan ya sha cinye ni da ita. Ka sami biyu a jere, da waɗansu biyu daidai ƙarƙashinsu, da na biyar a gefensu. Ka matsa da shi sama, uku sun cika, ka ci. Ka komo da shi ƙasa, uku sun sake cika, ka ƙara ci. In ka ga abokin wasanka yana haɗa wannan, yi maza ka toshe gurbin tun da wuri, don in ya kafu, duk ɗan da ka kawo kusa shi zai fara ɗaukewa.

Akwai wata dara mai gurbi 12, shida a gabanka shida a gabana, ana zuba 'ya'ya huɗu-huɗu, duka 48. Maƙwabtanmu Yarabawa suna ce da ita ayo. Ita gurabunta manya ne, sai katako ya fi wannan tsawo.

Mutanen Amurka ma suna da wasan tsakar gida da suke haɗawa da hannunsu, ya shahara ƙwarai a birnin Sinsinati na jihar Ohayo. Sukan yi allo biyu, ko wanne tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2. Su huda rami mai faɗin inci 6, tsakiyarsa inci 9 daga gefen sama. Su ɗaga bayan allon inci 12 daga ƙasa, ya yi gangare. A ajiye allunan suna fuskantar juna, ƙafa 27 tsakani. Sai a ɗinka ƙananan jakunkuna 8, inci 6 ko wane gefe, a cika da masara, a riƙa jifa. Jakar da ta faɗa rami maki 3, wadda ta tsaya kan allo maki 1, ana neman 21. A gidan haya na Kakuri ba mu da ƙafa 27, amma ku na ƙauye kuna da fili, kuna iya gwadawa, kuma wasa ne da kaka da jika za su yi tare. Sai dai ban yarda a zuba masarar tuwo a jakar jifa ba. 'Ya'yan tsamiya za su yi.

Abu ɗaya na hana a kan allona: kuɗi. Da zarar an aza ko naira ɗaya ya zama caca, mata su janye 'ya'yansu, allon kuma ya koma waje inda ya fito. A gidana wanda aka cinye shi ke rubuta sakamako. Muna da littafi, ana rubuta suna da ranar wata da yawan ci. Ƙaramar 'yata a nan ta koyi rubuta lambobi, don ba ta yarda yayanta ya rubuta mata.

Aikin aji na mako mai zuwa: kowa ya zo da kwali ko takarda mai faɗi, ya zana allon dara da rula, ya rubuta lamba a cikin ko wane gida daga 1 zuwa 30. Sa'an nan ku amsa wannan a littattafanku. In ko wane gida inci 3 ne maimakon 2, inci nawa ne tsawon filin gurabu, inci nawa ne faɗinsa? Katako mai faɗin inci 12 zai isa?