Shawarwari ga Masu Haɗa Yogot a Gida da Na'urar Daidaita Zafi

Ƙaramar na'urar nan STC-1000, wadda masu ƙyanƙyasar ƙwai suka fi sani a nan, ta yi suna a Turai da Amurka wajen masu dafa giya a gidajensu, domin yis ba ya son zafi ya riƙa hawa da sauka. Ƙwayoyin da ke kama madara ma haka suke. Shi ya sa yogot ke ƙin kauri da hunturu, uwargida ta yi ta zargin madarar gari.

1. Duba jikin kwalin tun a shago. Akwai ta 12V, 24V, 110V da 220V, kuma kamarsu ɗaya. Ta 220V ce ta wutar gida. Mai batirin sola ya nemi ta 12V.

2. Na'urar makunni ce kawai, ba ta ba da wuta da kanta. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ce an sayar musu da ta jabu. A bayanta akwai ramuka takwas: 1 da 2 na wutar da take ci, 3 da 4 na wayar auna zafi, 5 da 6 na abin ɗumamawa, 7 da 8 na firji. Dole wayar da ke ɗauke da wuta ta shiga ta 5 ta fita ta 6 kafin ta kai ga ƙwan fitilar da zai ɗumama madarar. Wannan aikin mai gyaran wuta ne. A sa masa ido ya saka fis, ya rufe komai cikin akwatin roba, kada waya ta zauna tsirara a wurin da ake taɓa ruwa, ga yara suna kai-komo.

3. Kada ki jona wa na'urar hita ko butar lantarki kai tsaye. An rubuta 10A a jikinta, amma nauyi irin wannan yakan ƙona makunnin ciki. Ƙwan fitila mai zafi na wat 60 a cikin kula ko mataccen firji ya isa, muddin bai taɓa roba ba. Ƙwan LED ba ya ba da zafin kirki.

4. Dafa madarar a kan murhu ta kai digiri 85, ki sauke ta huce zuwa 43, sannan ki zuba tsohon yogot kamar cokali biyu a kowace lita. Aikin na'urar daga nan yake farawa: saita F1, wato zafin da ake so, a kan 43, F2 kuma, wato tazarar da zafi zai sauka kafin ƙwan ya kunnu, a kan 0.5. Awa huɗu zuwa takwas ya kama, kuma in ya wuce haka tsami zai yi yawa.

5. Inda kika ajiye kan wayar auna zafi shi ne rabin aikin. In yana lilo a iska, zafin iskar kula yake karantawa, ƙwan ya yi ta kunnuwa yana mutuwa alhali madarar ba ta ɗumama ba. Manna shi a jikin robar madarar da salatif, ki rufe bayansa da guntun soso. In ba haka ba, ki tsoma shi cikin kwalbar ruwa mai ɗumi kusa da madarar, nesa da ƙwan. Ni na fi son ta farko, domin ba ta jawo jiƙa.

6. Gwada gaskiyar na'urar da ruwan ƙanƙara: ya kamata ta nuna 0. In ta kauce, a gyara a F4.

7. Idan firji za ki jona don sanyaya yogot ɗin, bar F3 a minti uku ko fiye. Da irin ɗauke wutar da muke fama da ita, wannan jinkirin ne ke hana injin firji lalacewa.

8. Da bazara, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, ƙwan da wuya ya kunnu. Kada ki ɗauka na'urar ta lalace. Duba lambar da ke kan allonta kafin ki kira mai gyara.