Galahanga da Ma'anar "Gado": Matsalar Kalmomi a Binciken Ƙwayoyin Halitta a Birnin Zariya

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda kalmar "gado" kan kawo tarnaƙi wajen bayyana wa iyaye sakamakon binciken ƙwayoyin halitta game da galahanga da sauran larurorin jinkirin girma, musamman a unguwannin cikin ganuwa irin su Kwarbai da Limancin Kona, inda dangi ke zaune gida guda, kuma auren zumunci ke da daraja.

Matsayin Ilimi

Leo Kanner ne ya siffanta galahanga a Amurka a shekarar 1943. A 1977 nazarin Folstein da Rutter kan tagwaye a Ingila ya nuna cewa ƙwayoyin halitta na da hannu a cikinta. Daga baya an gano ɗaruruwan ƙwayoyin da ke da alaƙa da ita. Wasu sauye-sauyen daga iyaye ake samo su, wasu kuwa sababbi ne, suna aukuwa a ƙwan uwa ko maniyyin uba, alhali babu su a jinin kowannensu. Haka ma larurar Down, wadda aka gano tushenta a 1959: ƙarin kuromosom na 21 ne ke haddasa ta, kuma galibi ba a gadonta.

Matsalar Fassara

A tunanin Bahaushe, gado abu ne da ke bin jini da tsatso, shi ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya ce "ciwon gado ne", abin da dangi za su fara tambaya shi ne: daga wane ɓangare? Sau da yawa zargin kan faɗa kan uwa, har ya taɓa aurenta da na 'ya'yanta mata. Waɗanda suka ƙi wannan bayani kuwa sukan koma ga tsohon camfin "ɗan ruwa", wanda ke raba yaro da kulawa.

Kammalawa

Ya kamata masana Hausa da likitocin yara su haɗu su keɓe "larurar gado" ga abin da aka tabbatar an ɗauko daga iyaye, su riƙa cewa "larurar ƙwayar halitta" ga sauran. Takardar neman yardar iyaye da ba ta bambance waɗannan biyu ba tana iya raba aure kafin sakamakon gwaji ya amfani yaron.