Kafaɗar da Ta Goce Sau Ɗaya: Me Ya Sa Take Sake Gocewa?

Wani uba ya aiko da tambaya a kan ɗansa mai shekara 19, wanda yake tsaron raga a ƙungiyar unguwarsu. Kafaɗarsa ta dama ta goce a wajen tare ƙwallo, aka kai shi gidan mai ɗori aka mayar, bayan sati biyu ya koma fili. Yanzu ta goce har sau uku, na ƙarshen ma ba a wasa ba, yana miƙa ne da safe. Uban ya ce, "Likita, wasu sun ce ɗorin ne bai yi kyau ba, wasu sun ce hannu aka sa masa. Ya haƙura da ƙwallon ne, ko akwai abin yi?"

Malam, Allah Ya ba shi lafiya. Ka kwantar da hankalinka game da zancen sa hannu, domin abin da ya sami yaronka shi ne labarin da likitocin ƙashi suka fi ji daga matasa 'yan wasa a ko'ina cikin duniya. Ranar da kafaɗar ta fara gocewa, akwai abin da ya yage a ciki. Mayar da ƙashi gurbinsa bai ɗinke wannan yagewar ba, komawa fili da wuri kuma ta hana ta kamewa.

Gaɓar kwankwaso rami ne mai zurfi, kan ƙashin cinya yana nutse a cikinsa, shi ya sa sai babban haɗari yake fitar da shi. Kafaɗa ba haka aka halicce ta ba. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne babba, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan ƙarami ne marar zurfi, bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Zaman nasu kamar zaman tulu ne a kan gammo. Gammon shi ne wani leɓen guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin yana ƙara masa zurfi, hannuwan da ke dafe da tulun kuma su ne jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar da wasu tsokoki huɗu ƙanana da suka naɗe ta ta gaba da sama da baya. Wannan rashin zurfi ne ya ba mu damar kai hannu ƙeya da gadon baya da sama, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa.

Shi kansa gurbin ba a kafe yake ba, yana tafiya ne tare da allon kafaɗa. Tun a 1944 wani likita a Amurka, Verne Inman, da abokan aikinsa suka auna da hoton ƙashi cewa idan mutum ya ɗaga hannu sama har digiri 180, kimanin 120 daga gaɓar suke fitowa, sauran 60 kuwa allon ne yake juyawa a kan haƙarƙari. Idan tsokokin da ke juya allon suka yi rauni ko suka gaji, gurbin ba ya zuwa inda kan ƙashin ya dosa a kan lokaci.

Akwai tsayuwa guda da kafaɗa ta fi rauni a cikinta: hannu a ɗage gefe, gwiwar hannu a lanƙwashe, tafin hannu ya koma baya, kamar mai shirin jifa. Idan wani ƙarfi ya ƙara danna hannun baya a wannan hali, kan ƙashin yakan tsallake bakin gurbin ta gaba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta nan gaban suke faruwa. Gola da ya miƙe ya tare ƙwallo mai ƙarfi da hannu ɗaya, ɗan kokawa da aka kayar ya dafa ƙasa da hannu a buɗe, ɗan dambe da ya kai wawan naushi aka tare masa dantse, duk hanyar ɗaya ce. A wajen fitar, ƙashin yakan ɓamɓare leɓen guringuntsin nan daga jikin gurbi, raunin da likitan Ingila Blundell Bankart ya bayyana a 1923 kuma har yau sunansa ake kiran raunin da shi. Sau da yawa kuma bayan kan ƙashin yakan bugi kaifin gurbin ya loɓa.

Shekarun mai raunin su ne babban abin dubawa. A birnin Edinbura na Sikotilan an bi diddigin mutum 252 'yan shekara 15 zuwa 35 waɗanda kafaɗarsu ta goce karon farko, aka mayar, aka yi musu jinya ba tare da tiyata ba. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna kusan kashi 56 cikin 100 sun sake samun matsalar cikin shekara biyu, bayan shekara biyar kuma adadin ya kai kusan kashi 67. Samari maza masu ƙarancin shekaru ne suka fi faɗawa. Wannan fa a ƙasar da aka mayar da kafaɗar a asibiti ke nan. Don haka kada a ɗora wa mai ɗori laifin da ba nasa ba. Wanda ya haura shekara 40 nasa daban ne: ba ta cika sake gocewa ba, amma sau da yawa jijiyoyin tsokokin nan huɗu ne suke yagewa, sai a ga dattijo ya kasa ɗaga hannu makonni bayan an mayar, ana cewa sanyi ne.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka, Malam, shi ne cewa ta ukun ta zo ne a wajen miƙa. Kowace gocewa tana gutsurar bakin gurbin tana ƙara loɓa kan ƙashin, har a kai inda nauyin hannu kaɗai ya isa ya fitar da ita. Wannan ci na ƙashi yana sauya irin aikin da za a yi. A shekarar 2000 likitoci biyu, Stephen Burkhart na Amurka da Joe De Beer na Afirka ta Kudu, sun duba mutum 194 da aka ɗinke wa leɓen guringuntsin ta ƙananan huji. Waɗanda ƙashinsu bai ci sosai ba, kashi 4 cikin 100 ne kawai tasu ta sake gocewa. Waɗanda ƙashin ya ci kuwa, kashi 67. Irin waɗannan sai an yi musu aiki mafi girma, wanda likitan Faransa Michel Latarjet ya ƙirƙiro a 1954: a yanko wani ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa a ɗaure shi da kusoshi a bakin gurbin. Ma'ana, jinkiri yana ƙara girman aikin da kuɗinsa.

Masu kallon ƙwallon Turai sun ga wannan da idonsu. Kafaɗar Jude Bellingham na Real Madrid ta goce a Nuwamba 2023 a wasansu da Rayo Vallecano. Ya ci gaba da wasa da ɗauri a ƙarƙashin riga kusan kaka biyu, da likitoci da masu gashin ƙashi a kansa kullum, amma daga ƙarshe sai da aka yi masa tiyata a Yuli 2025. Yaronka ba shi da waɗannan mutane a bayansa, kuma shi gola ne, sana'arsa ke nan jefa hannu cikin tsayuwar da kafaɗar ba ta so.

To, abin yi. Ya ajiye safar hannun tukuna. Ku ga likitan ƙashi, ba kemis ba. Idan kuna kusa da Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, kuma asibitocin koyarwa duk suna da sashen ƙashi. Za a ɗauki hoton ƙashi, mai yiwuwa a nemi hoton MRI don ganin guringuntsin, ko na CT don auna yawan ƙashin da ya ci. Ga ɗan shekara 19 da tasa ta goce sau uku kuma yana son komawa raga, ni dai a ganina tiyata ce za a ba ku shawara, kuma bai kamata ku ji tsoronta ba. Bayanta akwai rataya hannu na 'yan makonni, sannan gashi na watanni. Yawanci wata huɗu zuwa shida ake ɗauka kafin komawa wasan da ake karo da juna.

Gashin da nake nufi ba na ruwan zafi da man zafi ba ne, motsa jiki ne da ma'aikacin gashin ƙashi zai tsara masa mataki-mataki. Ga misalin guda da kusan kowa ake ba shi. Ya ɗaura doguwar roba, ko da ta cikin tayar keke ce, a marikin ƙofa daidai tsayin cibiya. Ya tsaya a gefe, hannun mai ciwo yana nesa da ƙofar, ya matse naɗaɗɗen tawul a hammata, gwiwar hannu a lanƙwashe a manne da jiki. Sai ya ja robar waje a hankali, tafin hannu yana nisa da ciki, ba tare da tawul ɗin ya faɗi ba, ya dawo a hankali yana ƙirga uku. Sau 12 zuwa 15, ya huta, ya maimaita sau uku. Gajiyar a bayan kafaɗa zai ji ta. Idan a wuya ya ji, yana ɗage kafaɗa ne zuwa kunne, a rage ƙarfin robar. Samari ba sa son wannan atisaye domin ba ya fito da ƙwanji. Sun fi son kwanciya a benci su tura ƙarfe, wanda yake gina ƙirji ya bar bayan kafaɗa a raunane. Tura ƙarfe da hannuwa a ware sosai, da sauke shi ta bayan wuya, su biyun ya bar su gaba ɗaya.

Ga kociyoyi da abokan wasa kuma, idan abin ya faru a gabanku: kada kowa ya ja hannun. Tsohuwar dabarar sa diddige a hammata a fizgi hannu tun zamanin likitocin Girka na dā take, kuma an daina ta saboda tana iya lahanta jijiyar da ke bi ta wurin ko ta ƙarasa ƙashin da ya tsage. Wani lokaci gocewa da karaya tare suke zuwa, ido kuma ba ya bambancewa, nan ne haɗarin ɗori ba tare da hoto ba yake. A tallabe hannun yadda ya fi masa sauƙi, a rataye shi da ƙyalle, a sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a nufi asibiti a ranar. A shafa fatar gefen kafaɗa a tambaye shi ko yana jin taɓin. Idan ba ya ji, ko yatsunsa sun yi sanyi, a gaya wa likita tun kafin ya fara komai.

Akwai wani ciwon kafaɗar da ba gocewa ba ne, wanda ke zuwa sannu a hankali ga masu jifa da duka ta sama: 'yan ƙwallon hannu, 'yan tanis, masu ninƙaya, har da gola mai yawan jefa ƙwallo nesa. Masu bincike a jihar Alabama ta Amurka sun auna cewa dantsen ƙwararren mai jifa a wasan besbol yana juyawa da saurin kusan digiri 7,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙananan tsokokin bayan kafaɗa ne suke taka masa birki a kowane jifa. Likita Ben Kibler ya nuna cewa kimanin rabin ƙarfin bugun farko a tanis daga ƙafafu da gangar jiki yake tasowa, don haka mai raunin ƙugu da cinya kafaɗarsa ce take biyan bashin. A Denmak an ga cewa matasa 'yan ƙwallon hannu da suka ƙara yawan atisaye da fiye da kashi 60 cikin 100 a sati guda, raunin kafaɗa ya kusa ninkuwa a cikinsu. Kociyan da ya bar yara suna zaune wata biyu, sannan ya tsananta musu safe da yamma saboda gasa ta matso, ya san abin da yake saye. Masu bincike a Oslo kuma sun gwada ɗan gajeren atisayen kafaɗa a lokacin ɗumama jiki, sau uku a sati, a kan 'yan wasa 660, matsalar kafaɗa ta ragu da kashi 28 cikin 100.

Wannan irin ciwon, saɓanin na yaronka, bai cika buƙatar wuƙa ba, kuma kada hoton MRI ya firgita kowa. Wani bincike na 1995 ya sami yagewar jijiya a kafaɗar kusan mutum ɗaya cikin uku da ba sa jin ciwon komai. A 2018 kuma babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa aikin kankare ƙashin saman kafaɗa, wanda aka daɗe ana yi wa masu irin wannan ciwo, bai fi aikin da aka leƙa gaɓar kawai ba tare da an kankare komai ba. Rage nauyin atisaye da gashi na wata uku su ne farkon magani.

Abu ɗaya nake so ka sa wa ido sosai, Malam. Abokai za su kawo masa tiramol ko su kai shi a yi masa allurar kashe zafi don ya buga wasa ɗaya mai muhimmanci. Ka hana. Ba kalanda ce za ta ce ya warke ba, kuma ba rashin jin zafi ba ne. Zai koma raga ne idan hannun yana kaiwa duk inda ɗan'uwansa yake kaiwa, ƙarfinsu ya zo daidai a awon mai gashi, ya iya faɗuwa a kan tabarmar atisaye ta wannan gefen, kuma aka ɗaga masa hannu aka tura shi baya kamar mai jifa bai zabura ya riƙe hannun likita ba.